Ilimi Haƙƙin Kowa Ne: Yadda Malamanmu Suka Kai Karatu Ga Waɗanda Aka Bari A Baya

 Ya 'yan'uwa masallata da ɗalibanmu na madarasa, darasinmu na wannan fitowa a kan wata tambaya ce da ba mu cika yi wa kanmu ba. Kullum muna ƙirga waɗanda suka zo karatu, mu yi hamdala. To, waɗanda ba su zo ba fa, su wane ne, kuma nauyin wa ne ya je ya nemo su?

Idan muka duba daga nan Tumbutu zuwa Malanbil, Garu, Madikali da Gene, har zuwa Karimama, ba sai an gaya mana ba. Akwai yarinyar da tallar albasa ko ta shinkafa ta cinye mata yini. Akwai ɗan Sarkawa da ya tashi a cikin kwalekwale, da ɗan Fulani da ke bayan shanu, da almajirin da ke yawo da ƙoƙo a tasha tun safe. Akwai makaho da kurma, akwai matar aure wadda tun da aka kai ta ɗaki ba ta sake ganin allo ba, akwai tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai, Dandanci ko Fulatanci kawai take ji. Dukansu za su tsaya gaban Allah a tambaye su sallarsu da tsarkinsu, mu kuma a tambaye mu abin da muka yi da ɗan abin da muka sani. Malamai na ƙasarmu sun riga mu tunani a kan wannan, kuma sun bar mana dabaru. Su za mu duba, amma bari mu fara daga tushe.

Tushen abin a Madina

Wasu in sun ji ana maganar karatun mata ko na naƙasassu, sai su ce ai wannan zancen ƙungiyoyin Turawa ne. Wanda ya karanta sira ba zai faɗi haka ba. Suratu Abasa ta sauka ne a kan wani makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman a sanar da shi addini alhali Manzon Allah (SAW) yana fama da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin su musulunta. Allah Ya saukar da ayoyi a kan haƙƙin wannan makaho, ayoyin da yaranmu ke hardacewa tun suna ƙanana. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin ladanan Annabi, kuma sau da dama shi ake bari ya ja sallah a Madina in an fita yaƙi.

Haka nan ya tabbata a Buhari cewa mata sun kai kuka maza sun rinjaye su wajen zama da Annabi, suka roƙi a ware musu rana, aka kuwa ware musu. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, fursunan da ba shi da kuɗin fansa amma ya iya rubutu, sai aka ce ya koya wa yara goma na Madina rubutu, ya tafi. Wata sahabiya, Shifa'u 'yar Abdullahi, ita ta koya wa Uwar Muminai Hafsatu rubutu. Ga kuma mutanen Suffa, talakawan da ba su da gida ba su da dangi a Madina, waɗanda aka ba mazauni a jikin masallaci, suna karatu al'umma tana ciyar da su. Abu Huraira daga cikinsu ya fito. Kun ga ke nan makaho, mace, yaro da matalauci, kowanne an yi masa wuri tun ranar farko.

Shehu da masu sukarsa

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ya tarar da malamai suna tara ɗalibai a zaure, matansu da 'ya'yansu mata kuwa suna cikin gida ba su san ko farillan alwala ba. A littafinsa Nurul Albabi ya soki wannan ɗabi'a da kakkausar murya, ya nuna cewa malamin da ke karantar da baƙi ya bar iyalinsa cikin jahilci, suna yake nema. Shi kansa yana barin mata su halarci wa'azinsa, a ware musu gefensu. Wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya aiko masa da waƙa yana zarginsa da haɗa maza da mata. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, kuma amsar tana nan cikin Tazyinul Waraƙati. Abin da ta ƙunsa shi ne, ba a cakuɗa su, kuma barin mata cikin jahilcin addininsu ɓarna ce da ta fi wadda ake tsoro. Wannan Abdullahin shi ne na Gwandu, nan kusa da mu a ƙasar Kabi, ba wani baƙon malami ba ne.

Nana Asma'u da 'Yan Taru

A nan ne za mu daɗe, don a nan dabarar take. An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu a Ɗegel a 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta san yunwa da gudun hijira da idonta. Ta hardace Alƙur'ani, ta iya Larabci, Fulatanci, Hausa da Buzanci, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya zama wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Matsalar da ta tarar babba ce. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya har zuwa na Gawakuke a 1836, ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno sun cika da mata, wasu zawarawan yaƙi, wasu kamammu, da yawansu Hausa kawai suke ji, kuma bori suka tashi suka tarar. Ba su iya karatu ba, ba za su iya barin gero da yara su zo birni su zauna gaban malami ba. Malami mai son hutu sai ya ce ƙofata a buɗe take, wanda ya so ya zo. Ita ba ta tsaya nan ba.

Abu na farko da ta yi, ta mai da darasi waƙa. Wanda bai iya karatu ba yana iya hardace waƙa, kuma mace tana iya rera ta tana daka ko tana kaɗi, ba ta buƙatar fitila ko takarda. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin 'yar gajeruwar waƙa, ta yi ta da Fulatanci, da Hausa, da Larabci, don kowace ɗaliba ta samu da harshenta. Ta yi Godaben Gaskiya a kan shika-shikan addini da ranar hisabi. Ta yi Begore a kan rayuwar Annabi. Ta yi Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta jero matan kirki tun daga matan Annabi har zuwa malamai mata na gidansu, don mace ta san tana da magabata a wannan hanya. Ta fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i. Ku lura da wannan: ta san abin da ke kai mata wajen bori shi ne ciwo, da wahalar haihuwa, da tsoro, don haka ta ba su abin da za su riƙe a madadinsa.

Abu na biyu, ta kafa tsarin kai darasin har ƙauye. A kowane ƙauye ana zaɓar dattijuwa mai hankali da amana, a kira ta Jaji. Ita za ta jagoranci ayarin mata zuwa wurin Asma'u, yawanci 'yan mata ƙanana da tsofaffin da suka gama haihuwa, saboda su ne ke da damar tafiya. Su hardace darasi, su koma gida su koya wa matan auren da ba su iya fitowa. Waɗannan su ake kira 'Yan Taru. Sukan zo da sadakar hatsi ko zuma ko ƙyalle, a raba wa mabuƙata, kuma a ƙauyukansu su ne masu duba marar lafiya, da wankan gawar mace, da sasanta masu faɗa, da share masallaci. Ilimi da hidima a tafiya ɗaya suke.

Abu na uku shi ne malfa. A Gobir, Inna ita ce shugabar mata da bori, kuma alamarta ita ce malfa, wato babbar hular kaba. Asma'u ta ɗauki wannan malfa ta ɗora wa Jaji, ta naɗa mata jan rawani a kai. Matan karkara sun san mai malfa shugaba ce da ake saurara wa, sai ga shi yanzu mai malfa tana koyar da alwala da sallah. Ba ta zagi matan nan ba, ba ta kira su arna ta juya musu baya ba. Ta shigo musu ta ƙofar da suka sani.

Akwai kuma abin da ke nuna halinta. Yadda ta yi wa Muhammadu Bello da Giɗaɗo marsiyya, haka ta yi wa wata Jajinta Hauwa'u, da wata maƙwabciyarta Halima, tana yabon haƙurinsu da zumuncinsu. A idonta matar ƙauye mai tsoron Allah ta cancanci a rubuta sunanta kusa da na sarakuna. Ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbare a Sakkwato kusa da na mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, daga baya Tamodi ta karɓa a Wurno, kuma zuwan Turawa a 1903 bai kashe shi ba. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a littafi guda, har wasu mata Musulmi a Amurka suka kafa halƙoƙin karatu da sunan 'Yan Taru. Abin gidanmu ne, nesa ta ɗauka.

Malam Aminu Kano: alli, wasan kwaikwayo da haƙƙin talaka

Bayan kusan ƙarni guda, wani malamin ya fuskanci irin wannan tambaya a zamanin Turawa. An haifi Malam Aminu Kano a 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali, mahaifiyarsa Rakiya kuwa malama ce, a hannunta ya fara karatu. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi, mai waƙar Arewa Jamhuriya Ko Mulukiya, wanda ya rasu a 1958. Tare da su Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa zaman tattaunawa a Bauchi, inda ƙaramin ma'aikaci yake iya tambayar hukuma dalilin haraji da aikin tilas.

Dabarar Malam Aminu ita ce wasan kwaikwayo. Ya rubuta wasanni da Hausa ɗalibai suna yi a gaban jama'a. Ɗaya daga cikinsu sunansa Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba, a kan yadda ake damfarar baƙauye in ya shigo birni da kayansa. Wani kuma Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya. Abin da ba a iya faɗa wa mai iko ido da ido, sai a sa shi a bakin ɗan wasa, mutane su yi dariya, su koma gida suna tunani. Mu da ke zaune kusa da babbar kasuwa irin ta Malanbil, mun san tauye mudu da rikicin awo ba labarin Kano kaɗai ba ne.

Bayan ya dawo daga karatu a Landan, ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, ya shugabanci kwalejin horar da malamai ta Maru, sannan ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU. Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne ƙoƙarinsa a kan makarantun Islamiyya. Ya ga yaro yana shekaru a makarantar allo bai san ma'anar abin da yake karantawa ba, bai iya lissafi ba. Sai ya goyi bayan makaranta mai aji da allon bango da jadawali, a koyar da Alƙur'ani da Larabci da fiƙihu tare da lissafi da rubutu, maza da mata duka su samu. An yi adawa da wannan tsari a farko. Yau ga shi madarasa irin wannan ta zama ruwan dare, har muna ɗauka haka aka tarar. Ya yi ta kiran a ba mata ilimi da ƙuri'a, kuma matan Arewacin Najeriya ba su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa ba sai a 1979. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, gidansa na Gwammaja yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero.

Ba siyasar jam'iyya muka kawo muku ba, wannan takarda ba ta wannan ba ce, kuma malamai sun saɓa a kan siyasarsa tun yana raye. Abin da muke nunawa shi ne, mutumin nan da tafsirin Alƙur'ani yake kafa hujja cewa talaka yana da mutunci, kuma wanda ya san haƙƙinsa wuyar cuta gare shi.

Makahon da ya karantar da masu ido

Kada mu manta da Malam Aliyu Namangi na Zariya. Makaho ne, amma shi ya tsara waƙoƙin Imfiraji, waɗanda babu lungun ƙasar Hausa da ba su shiga ba, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Da wanda ya fara karantar da shi ya ce makaho sai bara, da mun yi asarar wannan taska. Abin takaici, yau mun fi jin Imfiraji a bakin makafi masu bara, mu jefa musu dala biyar mu wuce, ba mu tambayi ko 'ya'yan da ke musu jagora suna zuwa makaranta ba. Ga shi kuma yanzu akwai Alƙur'ani da rubutun makafi na taɓawa, akwai karatun manyan alarammomi a cikin waya, uzuri ya ragu ƙwarai.

Me ya rage mana?

Hukumomi sun yi nasu gwargwado. A Nijar an buɗe madarasar Faransanci da Larabci ta farko a Sayi a 1957, Jami'ar Musulunci ta Sayi kuma ta fara aiki a 1986. Najeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989, wadda aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta, a 2023 kuma ta kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta. A nan Benin an soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2006, kuma makarantu da dama suna da abincin rana. Amma doka ba ta shiga cikin gida ta ɗauko yarinya, sai maƙwabci da liman da malama. Ga abin da muke ganin ƙarfinmu zai iya.

Na farko, kowace unguwa da ƙauye a nemi dattijuwa mai karatu da mutunci, a ba ta matsayi a fili kamar yadda aka ba Jaji, a sanar a masallaci, ta riƙa bin gidaje da darasin mako. Maigidan da ba ya son iyalinsa su fita, to ga karatu ya iske su a gida, saura kuma me?

Na biyu, harshe. Asma'u ta maimaita darasi ɗaya da harsuna uku. Mu muna da Dandanci, Zabarmanci, Fulatanci da Hausa a sahu ɗaya na sallah. Ɗalibanmu masu jin waɗannan harsuna su mai da babin tsarki da sallah da haƙƙin maƙwabci zuwa harshen iyayensu, malami ya duba ya gyara, a naɗa a waya, a tura wa na ruga da na bakin kogi. Mai baiwar waƙa ya tsara shi a waƙe.

Na uku, lokaci. Yaron da ke korar tsuntsaye a fadamar shinkafa, ko wanda ke kwana a kan ruwa, ba zai zo aji da hantsi ba. A buɗe masa darasin bayan magariba, ko na ranar da ba kasuwa. Jadawali mu muka tsara shi, ba wahayi ba ne.

Na huɗu, almajirai. A tsarin da muka gada, almajiri yana da gidan da ke ajiye masa tuwo, yana da uwar ɗaki da ta san sunansa da ciwonsa. Yanzu mun bar shi ga tasha da 'yan kwalekwale. Gida ɗaya ya ɗauki cin almajiri ɗaya, masu hali su taimaka wa malaminsa, iyayen da suka kawo yaro kuma a tuna musu ciyarwa wajibinsu ce, tura shi karatu bai sauke ta ba. Kuma a bar shi ya koyi lissafi da Faransanci da sana'a, don alarammar da bai iya karanta takardar asibiti ba kowa na iya cutarsa.

Na biyar, 'yan mata. Mun san talla ba don son rai ake ɗora ta ba, talauci ne da tanadin kayan ɗaki, kuma rufe gadar Malanbil da Gaya da aka yi a 2023 ya ƙara matse mutane. Amma a rage mata awa biyu a yini ba zai rushe gida ba. In kuma aure ya zo, waliyyi ya sa ci gaba da karatu cikin maganar tun kafin a shafa fatiha.

Ku kuma ɗalibai, kada ku jira sai kun zama shehunai. 'Yan matan da suka bi Jaji zuwa Sakkwato yara ne kamarku, abin da suka hardace shi suka kai gida. Wanda ya iya Fatiha daidai ya gyara wa kakarsa tata a daren yau. Kafin fitowa ta gaba, kowannenku ya kawo wa malaminsa sunan yaro ɗaya ko babba ɗaya na unguwarsu da ba ya zuwa karatu, tare da dalilin da ya hana shi, mu zauna da kwamitin masallaci mu ga ta inda za a fara.

Allah Ya jiƙan Shehu da Nana Asma'u da Jajojinta, Ya jiƙan dukan malamanmu da iyayenmu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu zama masu isar da shi, Ya kawo mana sauƙi da zaman lafiya a ƙasashenmu.